Kaina ya zuro gaba, ƙeyata na ciwo: atisaye ta kiran bidiyo zai yi mini magani?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni tela ne, shekarata 36, na daɗe a kan keke. Kusan shekara guda ke nan ƙeyata da kafaɗuna suna riƙewa, musamman da yamma, wani lokaci har kai ya ɗauka. Da aka ɗauke ni hoto daga gefe a wajen wani ɗaurin aure sai na ga kaina ya zuro gaba, kamar doro na neman fito mini. Asibitin da ke da sashen gashi ya yi mini nisa, ba zan iya rufe shago sau biyu a mako ba. An ce akwai likitocin fisiyo, wato na sashen gashin, da ke koya wa mutum atisaye ta kiran bidiyo. Shin yana aiki ko ɓarnar kuɗi ce? Kuma wuyan zai koma daidai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara afuwa, ya sa albarka a sana'a.

Yana aiki. In har abin da ke damunka shi ne abin da nake zato, to ko asibitin ka zo, mafi yawan abin da za mu yi maka shi ne koya maka atisaye da sa ido a kan yadda kake yin sa. Fitilar gashi da tausa da na'urar nan da ke motsa tsoka da lantarki suna sa mutum ya ji sauƙi na kwana ɗaya ko biyu, amma ba sa ƙara wa wuya ƙarfi. Koyarwa da sa ido kuwa, waya tana iya ɗaukar nauyinsu. Sai dai akwai abin da waya ba ta iyawa, kuma da shi zan fara, don shi ne mai haɗari.

Wani ciwon wuyan ba na zama ba ne. In yatsunka sun fara yi maka gardama, zura zare a allura ko ɓalle maɓalli ya zama aiki, almakashi yana suɓuce maka, ko ƙafafu sun yi nauyi kana tafiya kana tangaɗi, wannan alama ce ta cewa wani abu yana danne laka a cikin ƙashin wuya. In ciwon yana sauka hannu ɗaya har yatsu, da jin kamar shokin ko mutuwar hannu, ko hannun ya rage ƙarfi, jijiya ce ta matsu. In juya wuya yana kawo jiri, ko ganin abu bibbiyu, ko harshe ya sarƙe, ko haɗiya ta yi wuya, ka dakata da duk wani atisaye. Ciwon da ke tashin mutum daga barci, tare da zufar dare da rama, musamman in wani ƙashi guda a baya ya yi tsini yana zafi in an taɓa, yana iya zama tibin ƙashin baya, kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Wuya ya sage farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, ka san sanƙarau ake tsoro, a ranar ake tafiya asibiti. Haka wanda ciwonsa ya fara bayan faɗuwa daga babur. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan sai an gan shi ido da ido, an gwada ƙarfin hannunsa, an buga masa 'yar gudumar nan a gwiwar hannu, in ta kama a yi hoto. Ta bidiyo muna iya ganin yadda wuya ke juyawa, mu ji labarin ciwon, mu auna abin da ya hana mutum yi, amma gwajin jijiya sai da hannu.

Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk da haka shawarata ita ce ka daure ka yi tafiyar sau ɗaya tak, a duba ka da kyau, sannan sauran a ci gaba ta waya. Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa duk suna da sashen fisiyo. Rufe shago na yini ɗaya ya fi a shafe wata biyu ana atisaye a kan ciwon da ba a gane ba.

To me ke faruwa a wuyan naka? Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa, yana zaune a kan ƙasusuwa 7. In kunne yana saitin kafaɗa, ƙasusuwan ne ke ɗauke da yawancin nauyin. In kai ya zuro gaba, tsokokin ƙeya da na saman kafaɗa ne za su riƙa jan sa baya yini guda. Ka ɗauki bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi: nauyin bai canza ba, amma a minti ɗaya kafaɗa za ta gaya maka. Kuma mutum ba ya tafiya yana kallon ƙasa, don haka ƙasan wuya yana rankwafawa gaba, samansa kuma yana lanƙwashewa baya don ido ya kalli gaba, haɓa ta ɗago. A nan ƙananan tsokokin da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai suke takurewa, kuma sau da yawa daga nan ciwon kan da ke tasowa daga ƙeya zuwa goshi yake fitowa. Wani likita ɗan ƙasar Cek, Vladimir Janda, ya daɗe da bayyana yadda abin ke tafiya: tsokokin ƙirji da na saman kafaɗa da ƙeya suna ɗaurewa, su kuma na cikin gaban wuya da na ƙasan allon kafaɗa suna yin sanyi.

Wataƙila ka taɓa cin karo da hoton nan da ke yawo a Facebook, wanda ke cewa in ka sunkuya kana danna waya nauyin kanka yana kai kilo 27. Asalinsa lissafi ne da wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya wallafa a 2014: kimanin kilo 12 in kai ya sunkuya digiri 15, kilo 18 a digiri 30, kilo 27 a digiri 60. Lissafin kwamfuta ne, ba a jikin mutane aka auna ba, kuma ya tsorata jama'a fiye da yadda ya amfane su. Wuya ba kara ba ne. Da aka je aka duba mutane, sai abin ya fito da wata fuska. A Ostireliya an auna zaman matasa sama da 1,100 masu shekara 17, aka wallafa a 2016, ba a ga alaƙa tsakanin siffar wuyansu da ciwon wuya ba. A Burazil ma, a 2018, an duba matasa 150 masu danna waya, sakamakon bai bambanta ba. A manya ne ake ganin alaƙar, wato masu ciwon wuya sun fi zuro kai, amma ko a nan ba a raba gardama a kan wanne ya jawo wanne ba, don ciwo da kansa yana sa mutum ya canza zama. Na kawo wannan ne don kada hoton ɗaurin auren nan ya zama shi ne ma'auninka. Abin da ya fi damuna a aikinka shi ne awannin da wuyan ke yi a kafe a wuri ɗaya, da ƙarancin ƙarfin da zai jure su.

Maganar kulawa daga nesa kuwa, an gwada ta. A 2017 masu bincike a Jami'ar Queensland sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ciwon tsoka da gaɓoɓi, suka ga cewa kulawa kai tsaye ta waya ko bidiyo tana rage ciwo da inganta motsi daidai da zuwa asibiti. Mu ma a nan gida an yi: a Ibadan a 2013 an bi masu ciwon gwiwa ta kiran waya kawai na mako 6, a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife kuma a 2019 an gwada manhajar waya ga masu ciwon baya, duka biyun sakamakon ya yi kusa da na waɗanda ke zuwa asibiti. Ƙananan gwaje-gwajen da aka yi a kan wuya tun bayan annobar korona ta 2020 ma wannan hanyar suka bi. Amma ka lura, a duk waɗannan akwai ƙwararre da ke bibiyar mutum. Sauke bidiyo daga YouTube kana kwaikwayo kai kaɗai wani abu ne daban.

Ga yadda zaman farko ya kamata ya kasance. Ka jingina wayar a kan tebur ko ka ba yaron shagonka ya riƙe, a saitin kafaɗarka, daga gefe, nesa da kai kamar taku uku, haske yana gabanka ba bayanka ba. Ka cire hula da babbar riga, singileti ta isa. (Mata masu karanta wannan: kuna da haƙƙin neman likitar fisiyo mace, kuma ku tambayi inda za a ajiye hoton kafin ku tura.) Ka sunkuya ka shafa gindin wuyanka, za ka ji wani ƙashi da ya fi sauran fitowa, shi ne na bakwai. Ka manna ɗan guntun filasta a kai. Likitan zai ja layi a hoton daga nan zuwa ɗan guringuntsin da ke bakin ramin kunne, ya ja wani layin a kwance, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu. In ta gaza digiri 50 ko kusa da haka, muna cewa kai ya zuro. Ka tsaya yadda ka saba, kada ka gyara don hoto, kowa yana yin haka. Mafi muhimmanci ma, ka sa a ɗauke ka bidiyon minti ɗaya kana ɗinki ba tare da ka san lokacin ba. Wannan gata ne da mai zuwa asibiti ba ya samu, domin mu a can kujerarmu muke ganin mutum a kai, ba bencinsa da kekensa ba.

Atisayen farko ƙarami ne har za ka raina shi. Ka kwanta rigingine a tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ninke tawul ka sa a ƙarƙashin kai yadda goshi da haɓa za su yi daidai. Harshe ya taɓa ganɗa, wato rufin baki, haƙora kada su haɗu. Ka mai da ido wajen gwiwoyinka, sannan ka gyaɗa kai a hankali kamar mai cewa "to", kaɗan kawai, har ka ji bayan kanka ya ɗan ja sama a kan tawul. Ka riƙe daƙiƙa 10 kana numfashi yadda ka saba, ka saki, ka maimaita sau 10, safe da dare. Ka ɗora yatsu biyu a kan kaurin tsokar nan da ke saukowa daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji. In ta yi tauri a ƙarƙashin yatsunka, ka wuce gona da iri, ita ta karɓe aikin, alhali tsokokin da muke nema suna can ciki, kwance a jikin ƙashin wuya bayan maƙogwaro. A asibiti muna sa wata 'yar jakar iska a ƙarƙashin wuya mai ma'auni irin na awon jini, a hura ta zuwa 20, mutum ya gyaɗa kai ya kai allurar 22, daga nan 24, a hankali har 30. Gwendolen Jull da abokan aikinta a Ostireliya ne suka tsara wannan, kuma a gwajin da suka wallafa a 2002 a kan mutum 200 masu ciwon kan da ke tasowa daga wuya, mako 6 na irin wannan atisaye ya rage yawan ciwon da zafinsa, sauƙin kuma yana nan bayan shekara guda. A gida yatsunka ne ma'aunin, da idon likita.

A kan wannan atisayen ne kuɗin kiran bidiyo ke biyan kansa. Kusan kowa da farko yana yin sa ba daidai ba, kuma shi ba ya ji. Wani ya danna kansa cikin tabarma da ƙarfi, wani ya ɗago kan gaba ɗaya, wani ya cije haƙora ya riƙe numfashi har jijiyoyin wuyansa su fito raɗa-raɗa. Mutum zai yi mako uku a haka, ciwo ya ƙaru, ya ce atisaye ba ya yi masa. Wanda ke kallo daga gefe a daƙiƙa biyar zai ce "rage, rabin haka", magana ta ƙare.

Daga nan sai a kai abin kan kujera, inda ake buƙatarsa. Gyaran zama daga ƙugu yake farawa: ka ɗan murza ƙugunka gaba har ka ji ka hau kan ƙasusuwan zama, ƙirji ya ɗago da kansa, sannan ka ja bayan kanka sama kaɗan, haɓa ta koma ciki ba tare da ka danna ta ba. Daƙiƙa 10. Ba a ce ka zauna haka yini guda ba, ba wanda zai iya, kuma ƙamewa irin ta soja ita ma ciwo take kawowa. Ka haɗa shi da abin da kake yi ko yaya: duk lokacin da ka canza zare, duk lokacin da ka gama hannun riga. Ka ƙara da jingina saman bayanka a kan makarin kujera, hannaye a ƙeya, ka buɗe ƙirji sama sau biyar, domin wuyan da ke zaune a kan bayan da ya rankwafa ba shi da inda zai je sai gaba. Bakin ƙofa kuma ya isa miƙar da tsokar ƙirji: dantse a jikin ƙofa, ka taka gaba kaɗan, daƙiƙa 30.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne ƙarfafa tsoka da nauyi, alhali shi ya fi hujja. A Finlan an bi mata ma'aikatan ofis 180 masu daɗaɗɗen ciwon wuya na shekara guda, aka wallafa a 2003, waɗanda suka yi atisayen ƙarfi da na juriya sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda aka bari da miƙa jiki da shawara. A Denmak kuma Lars Andersen ya nuna a 2011, a kan ma'aikata 198, cewa minti 2 kacal a rana da igiyar roba, kwana biyar a mako na mako 10, ya rage ciwon wuya da kafaɗa kusan daidai da minti 12. Atisayen minti biyun ma guda ɗaya ne: ka taka robar, ka ɗaga hannaye gefe zuwa saitin kafaɗa, ka sauke a hankali, har ka gaji. In babu robar asibiti, tsohon tub na tayar keken hawa ya wadatar, ko gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu. Ka ɗaure tub ɗin a ƙarfen taga kuma ka riƙa jan sa zuwa cikinka, allon kafaɗa yana komawa baya da ƙasa, kafaɗa ba ta hawa kunne. Sharaɗin shi ne a riƙa ƙara nauyi. Robar da ta gajiyar da kai a makon farko ba za ta yi maka komai a mako na biyar ba, kuma yanke lokacin ƙarin yana cikin aikin wanda ke bibiyarka.

Game da zafi: ɗan ciwo yayin atisaye, kamar 3 ko 4 cikin 10, wanda ya lafa kafin gobe, ba laifi. Wanda ya kwana ya wuni yana ƙaruwa, an yi yawa, a rage. Wanda ya gangara hannu ko ya zo da jiri, a tsaya a kira likita.

Yanzu shago. A 2007 an wallafa wani gwaji da aka yi a kan masu ɗinki a masana'antun tufafi na Los Anjalis, inda kujera mai daidaita tsayi ta rage musu ciwon wuya da kafaɗa cikin wata huɗu. Ba sai ka sayi ta kanti ba. Kafinta zai iya rage ƙafar kujera ko ka ƙara matashi, har gwiwar hannunka ta zo kusan daidai da saman teburin keke, ka kuma matso da cikinka kusa da shi. Sai haske. Tela yana kai kansa wajen allura ne saboda ba ya gani sosai, musamman a baƙin yadi ko aikin wuyan riga da magariba ta gabato. 'Yar fitila mai caji da aka ɗaure tana haska wajen allura tana iya yin abin da atisayen wata guda bai yi ba. In duk da haka kana matsowa, a auna idonka, don wajen shekara 40 ganin kusa yana fara raguwa ga kusan kowa. Kowane minti 30 zuwa 40 ka miƙe, ko guga ce ka je ka yi a tsaye. Na san a watan azumi, lokacin ɗinkin sallah, wannan magana dariya za ta ba ka, shi ya sa nake so ka fara tun kafin lokacin, wuyan ya shiga kwanan shago da ƙarfinsa.

Shin zai koma daidai? Ka gwada wannan: ka kwanta rigingine a ƙasa ba filo. In bayan kanka ya sauka ba tare da haɓa ta kalli sama ba, to wuyan bai ƙage a haka ba, sabo ne, kuma a shekarunka hakan na fi zato. Ciwo yakan fara sauƙi a mako na biyu zuwa na huɗu, ƙarfi na gaske yana son mako 8 zuwa 12. Kusurwar da aka auna tana gyaruwa da 'yan digiri, ba ta zama ta ɗan shekara 18, kuma sau da yawa ciwon yana tafiya tun hoton bai canza sosai ba. Tudun da kake gani a gindin wuya galibi ƙashi na bakwai ne da ɗan kitsen da ke kansa, yana ƙara fitowa in kai ya tafi gaba, yana raguwa a ido in ya dawo.

Wanda za ka ba kuɗinka, ka tambaye shi lambar rajistarsa da hukumar MRTB, ita ce ke yi wa likitocin fisiyo rajista a Najeriya. In ya turo maka jerin bidiyo bai tambaye ka komai game da hannu da ƙafa da zazzaɓi ba, ko ya fara da tallar wata ɗamarar kafaɗa mai "gyara tsayuwa", ka nemi wani. Ɗamarar da abin wuyan nan na soso duk suna yi wa tsoka aikin da muke so ta koya. Ka kuma daina bari mai aski yana murɗe maka wuya don ya yi ƙara, akwai jijiyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa da ke bi ta cikin ƙasusuwan nan. Ƙwayoyin kashe zafi na kemis irin su diclofenac kuwa, shan su kullum yana taɓa ciki da ƙoda.

Kira ɗaya a mako na minti 20 zuwa 30 a watan farko ya isa, daga baya sau ɗaya a mako biyu. In sabis yana yankewa a garinku, ka ɗauki gajeren bidiyon kowane atisaye daga gefe ka tura wa likitan ta WhatsApp, ya mayar maka da gyara ta saƙon murya. Kowane dare ka rubuta lamba ɗaya daga 0 zuwa 10 ta zafin ranar, da awa nawa ka yi a keke kafin ƙeya ta fara riƙewa, ka riƙa tura masa duk mako. In an cika mako 6 kana yi yadda ya kamata lambobin ba su motsa ba, ko wata alama daga cikin waɗanda na lissafa a farko ta ɓullo, sai ka sake hawa mota a duba ka da hannu.